Kabad ɗin kicin ya cika ya batse: a ƙara kabad ne ko a rage kaya?

Amaryar Bara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kar a yi min dariya. Kicin ɗina ya fi ƙarfina. Ba wai ƙarami ba ne can, akwai kabad sama da ƙasa a bango biyu, ga durowa huɗu, amma duk inda ka buɗe sai wani abu ya faɗo maka. In zan ɗora miya, neman murfin tukunya kaɗai sai na durƙusa na fito da rabin kayan kabad ɗin ƙasa. Kulolin da aka yi min jere da su, wasu har yau suna cikin kwalinsu, ko ledar ba a ɓare ba. Setin farantan tangaram har biyu, mu kuwa daga ni sai maigidan sai jaririya. Durowar farko kam ba a magana: cokula, ashana, mataccen batir, zare da allura, makullan da ban san na ina ba ne, har katin asibiti na tsinta a ciki. Yanzu kuma in na kunna fitila da dare sai in ga ƙananan kyankyasai suna gudu.

Maigidan ya ce a kira kafinta ya ƙara kabad a bangon da ya rage. Ni kuma ina ganin ragewa ya kamata a yi. To amma kayan nan Mama ce ta yi shekaru tana tarawa, da adashi da komai. Da wane ido zan kalle ta in ta zo ta ga babu? Ku da kuka riga mu, yaya kuke yi?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam amarya. Kar ki yarda a ƙara kabad tukuna. Wanda duk aka ƙara, kafin ki ankara shi ma ya cika, kuɗin maigida ne kawai za su tafi.

Ki sami ranar da wani zai riƙe miki yarinya. Ki shimfiɗa tabarma, ki kwashe kabad ɗaya tak, kar ki ce za ki kwashe duka rana ɗaya, azahar za ta riske ki a tsakiyar kaya ba ki ɗora abinci ba, ƙarshe ki mayar da su yadda suke. Duk abin da kika ɗauko ki tambayi kanki yaushe rabonki da shi. Na kullum gefe ɗaya. Na lokaci-lokaci, irin tandar waina, madambaci, manyan tire na baƙi, gefe ɗaya. Sai na uku: wanda azumi ya zo ya wuce, aka yi ƙaramar sallah aka yi babba, hannunki bai taɓa shi ba. Abin da ya tsallake azumi da sallah biyu a kicin ɗin Bahaushiya ba a neme shi ba, to ba ya da aiki a gidan.

Hajiya Inna:
Ni fa 'yan nan abin naku yana ba ni mamaki. Kayan ɗakin mace ne za a ce wai ba su da aiki? Mu a zamaninmu kwalla da samira da kumbo da fanteka ake jera mana tun daga ƙasa har kusa da rufi, ba don muna cin abinci a cikinsu duka ba. Dukiya ce. Ranar da ta ɓaci, ciwo ne ko kuɗin makarantar yaro, ki ɗauki seti ɗaya ki ba dillaliya, asirinki a rufe, ba wanda ya ji. Uwa ba ta tara wa 'yarta kaya don ta raba wa mutane.

Sannan gidan Bahaushe ba a san ranar baƙi ba. Yau suna, gobe biki, jibi Allah Ya kiyaye zaman makoki, mutum hamsin a tsakar gida. Ranar za ki san amfanin farantin da kika ce ya yi yawa. 'Yata, ki goge kayanki ki mayar.

Malamar Firamare:
Hajiya, ranki ya daɗe, maganarki gaskiya ce amma ta kayan da ce. Kwallar da kike faɗa ƙarfe ce, ta yi shekara ashirin tana nan, kuma da kasuwarta. Kulolin yanzu yayi ne. Wanda aka yi rububinsa bana, baɗi an fito da wani, in kika kai wa dillaliya ko rabin kuɗinsa ba za ta taya ba. Galibinsu jikin roba ne, zafin kicin yana gasa su a cikin kwali, launi ya koɗe, marfin ya daina kamawa. Mutum yana ganin ajiya ya yi, ashe asara yake yi a hankali. In dai don tanadi ne, gara ta sayar da su yanzu da suke sababbi ta sayi ɗan kunnen gwal ko tunkiya.

Hajiya Inna:
To wannan kuma na yarda, kayan yanzu ba ƙarko. Amma manyan tukwanen dalma kar wadda ta taɓa min su. Waɗannan jikokinki ma sai sun dafa a ciki.

Maman 'Yan Biyu:
Ai Hajiya ba wanda ya ce a zubar da tukunyar biki. Cewa muka yi ba kicin ne wurin zamanta ba. Tukunyar da ake ɗorawa sau biyu a shekara me take yi a gaban tukunyar miyar kullum? A wanke ta, a shanya ta bushe sarai, a jera ƙananan a cikin babbar, a ɗaure da tsohon zani a kai sito ko saman wardirof. Wurin da hannu ke kaiwa ba tare da durƙuso ko hawa kujera ba, na kayan kullum ne kaɗai.

Amaryar Bara:
Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ba a taɓo min batun Mama ba, shi ne ya fi damuna.

Uwargida Sakkwato:
Ƙanwata, wanga abu da sauƙi in kin iya baki. Kada ki fitar da komi a ɓoye, nan ne matsala take. Ki tai gida da kanki ki ce, Mama, ga kaya nan sababbi ko buɗe su ban yi ba, ina tsoron su lalace, in kawo a aje ma ƙanwata? Kowace uwa da ke da sauran 'yan mata tana kwana da lissafin kayan ɗaki a kanta, balle da tsadar yanzu. Mu haka munka yi a gidanmu, kulolin yayarmu su anka jera ma autarmu, ba wanda ya gane. Albarka za ta sa miki.

Maman Ɗan Auta:
Ba kowace uwa ba fa. Tawa da na gwada irin wannan cewa ta yi raina mata na yi, wai kayan nata ne ba su kai ba. Sai da aka yi wata ana lallashi. Kuma ku tuna da dangin miji. Akwai gidan da in uwar miji ta shigo, kicin take fara leƙawa, in ta ga kabad da sarari sai labari ya zaga dangi cewa amarya ta fara sayar da kayanta, ko dama aro aka yi aka jera. Kowa ya san gidan da yake.

Malamar Firamare:
To ai kin faɗi ainihin ciwon. Rabin abin da ke cikin kabad ɗinmu ba don girki aka saye shi ba, don idon 'yan ganin ɗaki ne. An gama gani tun sati na farko, an tafi, an bar yarinya da goge ƙura har abada. In tsoron magana ne, ta bar seti ɗaya mai kyau a kabad ɗin sama mai gilashi inda kowa zai gani, sauran ta san yadda za ta yi da su. Kayanta ne, ba na miji ba, ba na danginsa ba.

Malam Kafinta:
Salamu alaikum iyayenmu mata, a yi min afuwa in sa baki, tunda an ambaci sana'armu. Ko da yake aiki ne zai wuce ni, gaskiya yawancin kicin ɗin da ake kira na in ƙara kabad ba kabad suke buƙata ba. In ka buɗe za ka ga tsakanin kanta da kanta kusan kamu biyu, an jera kofuna a ƙasa, sama duk iska ce. Katako ɗaya za a ƙara a tsakiya wurin ya ninka, kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabon kabad ba. Marufan tukwane da Hajiya amarya take nema kuwa, a bayan ƙofar kabad ake kafa musu ɗan siririn ƙarfe ko katako a soke su a tsaye. Ludayi, muciya, maburgi, matankaɗi, gwagwa, a kafa ƙugiyoyi a bango a rataye, sun bar durowa ke nan.

Sai gargaɗi. Kabad ɗin sama da ƙusoshi yake rataye a jikin bulo, ba don nauyi aka yi shi ba. Na sha zuwa gyaran wanda aka cika da tangaram ya rabu da bango. Mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama. Durowa ma haka, ƙarfen da take gudu a kai yana da iyakar abin da zai ɗauka, in aka loda mata turmin ƙarfe da gwangwanaye sai ta fara cijewa, a ce kafinta ya yi aikin banza.

Kuma yawancin kabad ɗin yanzu da MDF ake yi, garin katako ne aka matse da gam. Ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, yana sha yake kumbura, in ya kumbura kuma ba ya komawa. Don haka ku riƙa leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke. In bututu yana ɗiga, ko ɗigo ɗaya ne a minti, nan ne gidan kyankyasai, ga danshi ga duhu. Kuma kar a kife tukunya da ruwa a jikinta a cikin kabad.

Amaryar Bara:
Malam, Allah Ya saka. Yanzu na je na leƙa, wallahi katakon ƙarƙashin famfon ya yi laushi, har da baƙi-baƙi. Silindar gas ɗina ma a kabad ɗin gefensa take, an huda an zaro tiyo.

Malam Kafinta:
A kira mai gyaran famfo tukuna, sannan a canza katakon, in da hali a sa filawud mai kauri. Silinda kuma in son samu ne a waje take, a huda bango a shigo da tiyo. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in yana zuba ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya, a rufaffen kabad taruwa zai yi. In dole sai a ciki, a yi wa ƙofar huji-huji daga ƙasa, kuma kar a cusa ledoji da kwalaye a gefenta.

Maman Ɗan Auta:
Kyankyasan nan ki sami fiya-fiya ki yayyafa a kabad ɗin da dare ki rufe, da safe sai shara.

Anti Nas:
Don girman Allah a'a. Ban so in yi dogon rubutu ba amma wannan ba zan yi shiru ba. Fiya-fiya guba ce ta gona, ba a yi ta don ɗaki ba, balle inda ake ajiye kwano da abinci, balle gidan da ke da jaririya. Sinadarin da ke cikin irin waɗannan magunguna, dichlorvos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, saboda yawan da aka samu a jikinsa. A 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kantuna da kasuwanni barkatai. Ta fata yana shiga, ta numfashi yana shiga.

Kyankyaso abu uku yake nema: ruwa, abinci, maɓoya. A gyara ɗigon famfo, a daina kwana da wanke-wanke, a goge gas da inda mai ya fantsama, a fitar da shara kafin a kwanta. Kwalayen nan da amarya ta ce kuloli na ciki, su ne babban masaukinsu, a cikin lungun kwali suke ajiye ƙwai. Ko ba za ki rabu da kulolin ba, rabu da kwalayen. In sai an sa magani, akwai na tarko da ake ɗigawa a lungu su ci su mutu, a sa inda yaro ba ya kaiwa.

Tunda ana gyara, ga abin da muke gani a asibiti. Kananzir a gorar ruwa ko kwalbar lemo, a kabad ɗin ƙasa. Yaro mai rarrafe ya buɗe ya kafa kai. Haka ruwan bilic, haka sodar sabulu. Amarya, 'yarki nan da 'yan watanni za ta fara buɗe duk ƙofar da hannunta ya kai. Duk wani abin wanki, ashana, wuƙa, reza, maganin ɓera, a mayar da su sama yanzu. Kabad ɗin ƙasa a bar masa tukwane da robobi, in ta buɗe ta yi ta kiɗa abinta. Idan kuma tsautsayi ya sa yaro ya sha kananzir, kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja, amai ne ke kai kananzir ɗin huhu. A wuce asibiti kai tsaye.

Magunguna ma a fitar da su daga durowar kicin, zafi yana lalata su.

Maman Ɗan Auta:
To Anti, mun ji. Mu dai mun taso mun ga ana yi.

Hajiya Inna:
Ba ku taso kun ga ana yi ba, mu ba mu san shi ba. Toka muke sawa da barkono. Kuma rufe ƙwarya da tulu kafin a kwanta ai koyarwar Manzon Allah ce, sallallahu alaihi wa sallam, tun kafin a san wani maganin ƙwari.

'Yar Damagaram:
Sannunku da hira. Ni abin da na lura da shi a gidajen birni, ana cusa hatsi cikin kicin buhu-buhu, shi ke jawo ɓera da ƙwari. Mu nan in an sayi na shekara lokacin kaka, kicin ba ya ganin sai na sati. Tiya biyu ta gero, tiya guda ta wake, a roba mai marfi, in ya ƙare a ɗebo.

Wake kuwa ba ya buƙatar magani ko kaɗan. Ki shanya shi ya bushe ƙayau, ki ɗura a bido, jarka ke nan, wadda aka wanke ta bushe, ki cika ta har wuya, ki sa leda a baki ki murɗa marfi tam. Ƙwaron da ke ciki iska za ta ƙare masa ya mutu. Sharaɗin kawai kar a riƙa buɗewa, shi ya sa ƙananan jarkoki da yawa sun fi babba guda. Mai buhu kuma ta nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi tare da masu binciken noma na nan yankin, har da na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi, kuma dabarar ɗaya ce da ta jarka. Amma a ɗora shi a kan katako, kar ya taɓa ƙasa ko bango, ɓera na huda shi aiki ya ɓaci.

Anti Nas:
Ƙari a kan na 'Yar Damagaram: gyaɗa da masara in suka sha danshi suka yi fumfuna, zubarwa ake yi, ba a wankewa a ce an gyara. Dafin da fumfunar ke bari yana taɓa hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Da damina a riƙa duba kabad ɗin da ke jikin bangon da ruwa ke duka. Gwangwanin tumatir ko na kifi da ya kumbura shi ma shara.

Mai Abincin Sayarwa:
Ni kullum a kicin nake wuni, bari in faɗi nawa a kan kayan miya, don nan ne mata suka fi yin ɓarna. Za ka ga ƙulli-ƙullin leda sun fi ashirin a kwando ɗaya, kuka, kuɓewa, karkashi, citta, kanumfari, masoro, kimba, duk an ƙulle, ba a san wanne ne sabo ba. In an rasa sai a aika a sayo wani, a ƙara a kai. Kwalaben Bama da kuke zubarwa su ne maganin wannan. A wanke da ruwan zafi, a kife a rana har warin ya fita, a zuba. Kwalba ta fi roba, ba ta riƙe wari, kuma kina hango abin da ke ciki da yadda ya rage. Ki manna filasta ki rubuta suna da biro, don garin kuka da garin karkashi sun sha rikita 'yan aiki, haka garin ɗanwake da na kunu.

Daddawa ita kaɗai a kwalbarta mai marfi mai kyau, in ba haka ba har sukarin shayi sai ya ɗauka. Gishiri da kanwa kuma a roba, suna cin marfin ƙarfe. Kar a jera kayan ƙamshi a kantar da ke saman gas don wai kusa da hannu, tururi da zafi suna kashe ƙamshin, gari kuma ya dunƙule. Kuka in tana shan haske koren yake gudu ta koma fari-fari, a sa ta a kabad mai duhu. Citta da masoro ki ajiye su da ƙwayarsu, ki daka kaɗan-kaɗan na sati biyu. In kin sayo sabo, tsohon ya dawo gaba, sabon ya koma baya, kuma kar a zuba sabo a kan tsoho a kwalba ɗaya.

Fulawa da semo masu yin tsutsa, mai wuta ta sa su a firiza kwana uku ko huɗu kafin ta juye a roba, ƙwan da ke ciki zai mutu. Marar wuta ta sayi kaɗan.

Magidanci Mai Haƙuri:
Ni tambaya gare ni, kar a kore ni. Robobin da ake zubo abincin biki a ciki, me ake tara su a yi? Gidana akwai kabad guda cur nasu ne. In na ce a zubar sai a ce za su yi amfani. Da robar ayis kirim, da gwangwanin madara, da leda cikin leda cikin leda.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, da su ake zuba wa almajiri da maƙwabta abinci, ba sai an bi sawun kwano ba. Amma ka yi gaskiya, suna wuce gona da iri. Dokata ita ce a haɗa kowace roba da marfinta. Wadda ba marfi, da marfin da ba roba, da wadda manja ya rine ko ta tsage, waje. A bar kamar goma, a jera su cikin juna, marufan a tsaye a roba ɗaya. Leda kuma a sami jaka ɗaya a rataye a bayan ƙofa, in ta cika an daina tarawa.

Amma kafin ka tafi, a tambaye ka: wa ya sayo injin matse lemo da na gasa burodi da tukunyar shinkafa ta lantarki, a unguwar da wuta ke zuwa ƙarfe biyun dare?

Magidanci Mai Haƙuri:
Na janye tambayata.

Maman Ɗan Auta:
Ka kyauta wa kanka.

'Yar Gidan Haya:
Ina ta karantawa ina murmushi, masu kabad manya. Mu ɗaki ɗaya ne da rumfa, mu huɗu muke raba madafi. Kanta biyu gare ni a bango, da tsohon akwatin ƙarfe mai kwaɗo na kayan abinci, da bokitan fenti da nake zuba gari da shinkafa. Kuma wallahi ban taɓa neman marfin tukunya na rasa ba, don tukwanen guda huɗu ne. Abin da ya fi damuna ƙurar hunturu, sai na rufa wa kantar labule, kofuna kuma a kife.

Anti Nas:
'Yar uwa, bokitin fenti in ya zama dole, a bar garin a cikin ledarsa ko buhunsa sannan a sa a bokitin, kar ya taɓa jikin robar. In kin sami sarari ki canza da bokitin da aka sayar da man girki ko bota a ciki, masu gidan burodi suna sayarwa da araha. Sabo kuma in kina Kano, Ƙofar Wambai ba irin robar da babu.

Uwargida Sakkwato:
Batun durowa fa an manta. Ni ta farko cokula da wuƙaƙen yau da kullum kawai, na yanka ƙananan robobi na raba mata gida-gida don kada su cakuɗe. Cokulan baƙi na naɗe su a tsumma na kai sama, in ba haka ba yara su kai waje ɗaya bayan ɗaya. Ta biyu tsummokaran goge-goge da na sauke tukunya. Ta ƙarshe na bar ma tarkace da gangan, don ƙarya ne a ce gida ba za a samu maɓalli da kyandir da makullin da ba a san nashi ba. Amma guda ɗai, kuma ranar da ta ƙi rufuwa ranar za a zazzage ta.

Malamar Firamare:
Komawa kan maganar Hajiya ta ranar taro, don ita ce hujjar da kowa ke kafawa. Layinmu mata takwas muka haɗa kuɗi muka sayi manyan tukwane da farantan silba da manyan kuloli na taro, suna ɗakin wata dattijuwa, mai sha'ani ta ɗauka ta dawo da su a wanke. Ba dole kowane gida ya zama gidan haya na kayan biki ba.

Hajiya Inna:
Ta dawo da su, in ta ga dama. Na ba da aron tukunya tun sunan jikana na fari, yaron yanzu yana sakandare. In za ku yi haka, a rubuta suna da fenti a gindin kowace tukunya da bayan kowane faranti, a ƙirga a gaban mai ɗauka, a ƙirga ranar dawowa. Ƙananan cokula kuwa ku ɗauka sadaka kuka yi.

Maman Ɗan Auta:
To waɗanda suka lalace fa, irin tukunyar da ta huje da kaskon suya da baƙin cikinsa ya ɓare?

Mai Abincin Sayarwa:
Kaskon da rufin cikinsa ya fara ɓarewa a daina soya abinci a ciki. Tukunyar dalma in huji ɗaya ne masu liƙi suna toshewa ta ƙara shekaru. In ta wuce gyara a tara wa 'yan gwangwan, a kilo suke saye, kuma dalma ta fi baƙin ƙarfe kuɗi, don haka a ware su daban kafin a ɗora a sikeli, kar a yi muku kuɗin goro. Fasassun robobi ma akwai masu saye. Masu kyau da kawai yawa suka yi, ki duba cikin dangi da unguwa, ba za a rasa marainiyar da ake haɗa wa kayan ɗaki ba, ko wadda gobara ko ambaliya ta taɓa. Amma a ba da mai kyau, kar a kwashe shara a kai wa mutane da sunan taimako.

Hajiya Inna:
Duk wadda za ta fitar da tandar ƙasa ko akushi ko madambaci na da, kar ta ba 'yan gwangwan, ta yi min magana ta akwatin saƙo. Tawa tandar ta tsage, na yanzu kuma waina kamawa take yi.

'Yar Gidan Haya:
Hajiya, mu ana cewa a rage, ke kina ƙarawa?

Hajiya Inna:
Ni sito gare ni, 'yar nan.